A tuge tsohon irin rogo a shuka na kamfani zalla?

Musa Doma: Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Shawara nake nema. Wani kamfanin sitaci ya shigo yankinmu yana rubuta sunayen masu noman rogo. Za su ba da itacen shuka bashi, su sayi amfanin a farashin da aka yi yarjejeniya, amma da sharaɗin wani irin rogo mai lamba TME 419 kaɗai za a shuka, ban da gauraye. To gonarmu ta gado akwai rogo kala huɗu da muka taso muka tarar. Ƙannena sun ce a tuge duka a shiga tsarin kamfani, mahaifiyarmu kuma ta ce ba da yawunta ba. Me kuka gani?

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Malam Musa, kada ka tsaya jinkiri. A harkar rogo babu abin da ya kai samun mai saye tun kafin a tuge, don kai ma ka sani, kwana biyu zuwa uku bayan tugewa ya fara baƙi. Shi 419 yana miƙewa sak, ba ya yawan reshe, sitacinsa da yawa, cutar murɗe ganye kuma ba ta cika yi masa illa ba. Ka lallashi Hajiya, idan ta ga kuɗin kaka za ta sa albarka.

Maman Hafsat: Alhaji, ina ganin Hajiya ta san abin da take karewa. Mu da muke tsaye a gaban tukunya mun san rogo ba ɗaya ba ne. Akwai irin su Ɗan Warri da ake dafawa a ci da ƙuli da ɗan mai, akwai wanda sai dai a jiƙa a shanya a yi alabo, akwai wanda zai daɗe a ƙasa bai yi itace ba, ana tono kaɗan-kaɗan lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Har mai ɗacin nan da ake rainawa, da gangan iyayenmu suke sa shi a bakin gona, don dabbobi da masu ɗan hali ba sa damunsa. Kamfani sitaci kawai yake nema. Gida kuma abinci yake nema wata goma sha biyu.

Malam Isa Malamin Gona: Bari in sa baki. Ni da kaina ina raba wa manoma 419, kuma iri ne mai kyau, wannan babu ja. Abin da nake so mu lura da shi daban ne. Gero da dawa da masara ƙwaya ake shukawa, kowace ƙwaya tana da uwa da uba, don haka ko a gona ɗaya akwai 'yan bambance-bambance a jininsu. Rogo kuwa itacensa ake sarawa a dasa. Doya kanta ake yankawa, dankali yaɗonsa ake tsinka, gwaza 'ya'yan gindinta ake cirewa. Ma'ana duk 419 da ke Nasarawa da Binuwai da Oyo, a wajen ƙwayoyin gado, tsiro ɗaya ne aka yi ta yankawa ana rarrabawa. Cutar da ta iya kayar da guda ɗaya ta iya kayar da dukkansu.

An ga haka a Yuganda. A ƙarshen shekarun 1980 wani mummunan nau'in cutar murɗe ganye ya ɓulla a arewa da Kampala, farin ƙuda yana yaɗa shi, manoma kuma suna ɗaukar itace mai cuta daga gona zuwa gona ba su sani ba. A lokacin akwai wani iri da ake kira Ebwanateraka wanda ya mamaye gonaki da yawa saboda yana ba da amfani. Cutar ta same shi ba shi da kariya. Gundumomi da dama sun daina noman rogo na wani lokaci, aka shiga yunwa, kuma annobar ta tsallaka Kenya da Tanzaniya.

Alhaji Ɗanladi: Malam Isa, ka ƙarasa labarin mana. Me ya ceci Yugandan? Ba sabon irin da masu bincike suka kawo ba ne? Ai ba tsohon irin kakanni ne ya tsayar da cutar ba.

Malam Isa Malamin Gona: Gaskiyarka Alhaji, ingantattun iri ne suka farfaɗo da su, har da waɗanda aka kai daga Ibadan.

Rukayya Ɗaliba: Ku gafarce ni iyayena, wannan fannin nake karanta, ina so in ƙara wani abu. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, su ingantattun a ina suka samo juriyar? A shekarun 1930, a tashar bincike ta Amani da ke Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, masu bincike sun rasa rogon gida mai jure wannan cuta yadda suke so. Sai suka haɗa auren rogo da wani ɗan'uwansa na daji mai suna Manihot glaziovii, itacen da aka kawo daga Brazil don a riƙa tatsar roba, wanda ba a cin saiwarsa. Daga zuriyar wannan aure aka kawo iri Ibadan, aka zaɓi wani mai lamba 58308. Bayan an kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, wani masani ɗan Koriya, Dokta S. K. Hahn, ya yi amfani da shi a shekarun 1970 ya fitar da su TMS 30572, wanda manoma da yawa suka sani da rogon agirik.

Shi kuma 419 da ake magana a kai, ba a ɗakin bincike aka ƙirƙire shi ba. Waɗanda sunansu ya fara da TME, irin manoma ne da aka tattaro daga gonakin Afirka ta Yamma aka ba su lamba. An gwada, aka ga wasunsu suna da wata juriya mai ƙarfi ga cutar murɗe ganye, wadda masana suka sa wa suna CMD2. Wato wani manomi ne ko wata manomiya suka riƙe shi shekara da shekaru a cikin gaurayen gonarsu, ba tare da sanin wata rana kamfanoni za su neme shi ba. Da sun tuge shi saboda wani iri da ake yayi a zamaninsu, da yau babu abin da za a kawo wa Baba Musa.

Sadiq Abubakar: Ni fa duk wani iri mai lamba ban yarda da shi ba. Turawa ne suke sauya masa halitta don su mallake abincinmu. A koma wa rogonmu na asali kawai.

Rukayya Ɗaliba: Yaya Sadiq, 419 ba ya cikin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, na manoma ne kamar yadda na faɗa. Sannan shi rogo ɗungurungum baƙo ne a Afirka. Asalinsa kudancin dajin Amazon ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Dankali ma daga nahiyar Amurka ya zo. Wannan yana da muhimmanci a maganarmu, domin abin da ya tsallako teku kaɗan ne daga cikin nau'o'in da ke can. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma tushen da muka gina wannan noma a kansa bai kai faɗin na mahaifarsa ba.

Malam Isa Malamin Gona: Kuma ga abin da ke hana mu barci mu ma'aikatan gona. Akwai wata cutar rogo ta biyu, wadda ke ruɓar da saiwa daga ciki. Ganye zai iya zama ba laifi, sai an tuge an yanka a ga cikin ya yi ƙasa-ƙasa ya bushe, ba ya ciwuwa, ba ya sayuwa. An fara bayaninta a 1936 a Tanganyika, ta daɗe a yankunan bakin teku na gabashin Afirka, sai wajen 2004 ta bayyana da ƙarfi a Yuganda, daga nan ta shiga Ruwanda da Burundi da gabashin Kwango da Zambiya. Yamma take fuskanta. Juriyar CMD2 ba ta aiki a kanta, kuma nau'o'in Afirka ta Yamma da aka gwada sun nuna suna kamuwa. Saboda ita da ire-irenta aka kafa shirin WAVE a 2015, mai hedikwata a Abijan, wanda ke sa ido a kan cututtukan rogo a ƙasashenmu.

Rukayya Ɗaliba: Da aka tashi neman maganinta ma, ma'ajiyar iri aka koma. Cibiyar CIAT da ke Kolombiya tana riƙe da nau'in rogo wajen 6,000. Masu bincike a Jamus suka ɗauko wasu daga ciki suka sa musu cutar da gangan, aka samu 'yan kaɗan daga Kudancin Amurka da cutar ta kasa zama a jikinsu. Da su ake haɗa aure yanzu.

Hamidu Bamenda: Salamu alaikum. Mu a nan Kamaru ba labari aka ba mu ba. A 2010 wata cuta ta faɗa wa gwaza, ganye ya riƙa yin tabo yana zubar da ruwa, cikin 'yan kwanaki gona ta ƙone kamar an watsa mata ruwan zafi. Mutanen nan da gwaza suke kirɓa acu, abincin da ba a biki ko zaman makoki sai da shi. Gwaza ta yi tsada ta yi wuyar samu, masu gidan abinci suka koma gauraya wasu abubuwa don su cika tukunya. Maƙwabtanmu mata da yawa da ita suke biyan kuɗin makarantar yara.

Abdul Zango Kumasi: Haka aka yi a Gana kusan lokaci ɗaya, masu nomanta a bakin rafi sun sha wuya sosai. Na ji an ce ta Najeriya ta fara bi.

Rukayya Ɗaliba: E, a 2009 aka fara ganinta a Najeriya. Sunan ƙwayar Phytophthora colocasiae, 'yar'uwar wadda ta ƙone dankalin Turawa a Ayalan daga 1845, lokacin da talakawan ƙasar suka dogara da wani iri guda mai suna Lumper, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Amma wanda ya fi kama da namu shi ne na tsibirin Samowa a tekun Fasifik. Gwaza ce babban abincinsu kuma babbar hajar da suke fitarwa waje, kuma kusan kowa ya koma shuka iri ɗaya mai suna Niue saboda shi kasuwar Niyu Zilan take so. Cutar ta shiga a 1993, cikin ɗan lokaci fitar da gwaza ya tsaya cak. Abin da ya dawo da su shi ne kawo wasu nau'o'i daga Palau da Filifin da wasu ƙasashen Asiya, aka haɗa aure da nasu, manoma da kansu suna ɗanɗanawa suna zaɓen wanda ya yi musu. Ya ɗauke su shekaru.

Alhaji Ɗanladi: Na ji duk wannan, kuma Allah ya ƙara sani. Amma ku amsa mini abu ɗaya. Tunda akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan, ana ba su kuɗi don su adana iri, me ya sa za a ɗora wa talaka wannan nauyi? Malam Musa yana da iyali. Duk kunyar da ya bar wa tsohon iri mai ƙarancin amfani, daga aljihunsa aka cira. Idan duniya tana bukatar rogon Hajiya, duniya ta biya shi. Ba daidai ba ne masu albashi su ce wa manomi ya yi gadin kayan tarihi kyauta.

Maman Hafsat: Wannan magana ta Alhaji tana da nauyi, kada a wuce ta.

Rukayya Ɗaliba: Tana da nauyi ƙwarai, kuma ni ma ina ganin ya kamata a riƙa tallafa wa masu riƙe da tsofaffin iri. Sai dai Baba Alhaji, ajiyar waɗannan amfanin ba kamar ta hatsi ba ce. Gero ko wake za a busar a sa a sanyi ya yi shekaru da yawa, shi ya sa aka buɗe babbar ma'ajiyar iri ta Svalbard a Norwe a 2008. Doya da rogo da gwaza ba sa ajiyuwa haka, domin ko an samu 'ya'yansu an shuka, abin da zai fito ba zai zama daidai da uwar ba. Dole ko dai a riƙa dasa su a fili kowace shekara, inda cuta ko gobara ko ambaliya za su iya cinye su, ko a raine su a cikin ƙananan kwalabe ana sabuntawa, ko a daskarar da ɗan tohonsu a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Duk suna cin kuɗi, suna bukatar wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararrun ma'aikata. IITA tana da dubban nau'o'in doya da rogo a Ibadan, akwai cibiyar Umudike a Abiya, akwai cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, amma abin da aka je aka tattaro kawai suke da shi. Babu tabbacin wani ya taɓa zuwa gonar su Baba Musa.

Sannan kwalba tana adana tsiro ne kawai. Sanin cewa wannan na dafawa ne, wancan yana jure fari, wancan sai an jiƙa shi kwana uku kafin ya ciwu, yana wajen irin su Hajiya.

Wani abu kuma, a gona ne sabon iri yake haihuwa. Rogo yana fure, ƙwari suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, 'ya'yan su faɗi su tsiro da kansu. Mutanen Makushi na Guyana an san su da barin irin wannan tsiro ya girma, idan ya yi kyau su sari itacensa su ƙara cikin nasu. A Jamhuriyar Benin kuma akwai manoman da suke haƙo doyar daji su dasa a gona shekara bayan shekara har ta zama ta gida. Gonar da ke da iri ɗaya tal ba ta da wannan dama.

Alhaji Ɗanladi: A doya kam na yarda, don can kasuwa da kanta tana son bambanci. Ka je Zaki Biam ka ga yadda ake ciniki da suna: wannan Amula, wannan Hembamkwase, wannan Pepa, wannan Ɗan Anacha, a ɓangaren Neja kuma ga Makakusa. Mai sakwara ya san wadda yake nema, mai suya ya san tasa, kuma farashinsu ba ɗaya ba.

Abdul Zango Kumasi: Mu kuma Pona ce sarauniya, ita ake fitarwa Ingila. Amma Alhaji, nan ma akwai matsala. Pona ba ta daɗewa a ajiye. Masu noma a arewacin Gana suna haɗawa da wasu masu jure ajiya da kuma doyar ruwa, su ne suke kai gida har sabuwa ta fito. Duk wanda ya bi kuɗin Pona kaɗai, rani zai same shi yana sayen doya a kasuwa.

Rukayya Ɗaliba: Kuma farar doya tamu ce ta gado. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna a yankin kogin Neja aka fara mayar da ita ta gida daga wata doyar kurmi. Najeriya kaɗai tana noma wajen kashi biyu cikin uku na doyar duniya. Idan rogo ya shiga matsala ana iya komawa Brazil da Kolombiya neman magani. Idan farar doya ce, gonakinmu da dazuzzukanmu ne wurin komawar, ga shi dazuzzukan suna ƙarewa.

Malam Isa Malamin Gona: Kada dai a fahimce mu a baibai, ba cewa muke duk tsohon iri alheri ne ba. Da yawansu cike suke da cuta, domin duk shekara ana dasa itace mai ciwo, amfanin yana raguwa. Malam Musa, idan za ka riƙe su, ka ware musu yanki nasu, kowane kala da layinsa. Tun suna da wata biyu zuwa uku ka riƙa zagayawa, duk wanda ganyensa ya murɗe ya yi rawaya-rawaya ka tuge ka fitar daga gonar. Lokacin saran itace ka ɗauka daga masu lafiya kawai. Kamfani ba ya son gauraye ne saboda nunarsu ba lokaci ɗaya ba kuma sitacinsu ba ɗaya ba, ban ga dalilin da zai sa su hana ka wani fili daban ba. Ka karanta takardar da kyau kafin ka sa hannu, musamman abin da ta ce idan ba su zo ɗauka a kan lokaci ba.

Musa Doma: Na gode Malam. Zan tambayi wakilinsu ko sharaɗin ya shafi gonar duka ne ko filin da aka rubuta kawai.

Ɗan Gaya: Gaisuwa daga Nijar. Mu matsalarmu ba kamfani ba ne, rani ne. Itacen rogo ba ya jure doguwar ajiya, in ba ka da fadama ko garka, kafin ruwa ya sauka ya bushe ko bisashe sun cinye. Haka munka rasa wani farin rogo mai zaƙi da iyayenmu sunka saba da shi, ba wanda ya yi niyyar yasda shi. Shekara guda ce ba a samu itace ba, shi ke nan. Yanzu abin da mota ta kawo daga ƙetaren iyaka shi mutane ka dasawa, ba a san sunansa ba balle lafiyarsa.

Malam Isa Malamin Gona: Wannan hanyar ce cuta ta fi bi, ɗan'uwa. Farin ƙuda tafiyarsa kaɗan-kaɗan ce, amma ɗaurin itace a bayan mota yana keta ƙasa guda a kwana ɗaya. Ina roƙon 'yan zauren nan masu zuwa gabashi da tsakiyar Afirka, kome kyan rogon da kuka gani kada ku sa itacensa a kaya. Wanda kuma ya yanka rogonsa ya ga ruɓa mai ƙasa-ƙasa a ciki, ya ɗauki hoto ya kai wa malamin gona mafi kusa.

Baba Audu: 'Ya'yana, tun ɗazu ina karantawa, jikana ke rubuta mini. Kuna ta rogo da doya, su suna da masu kula da su. Ina rizga? Ina tumuku? Waɗannan ba wanda ya kawo mana su daga wata ƙasa, namu ne. Muna yara a ƙasar Filato da kudancin Kaduna, kaka ba ta cika sai an ga rizga a faifai a bakin hanya, a ci ɗanya a ci dafaffiya. Kuma ba kala ɗaya ba ce, akwai doguwa, akwai gajera mai kauri, ɗanɗanonsu daban. Yau sai ka zagaya kasuwa kafin ka ga mai sayarwa, kuma za ka tarar tsohuwa ce. Matasa sun ce tana da wahalar ferewa kuma ba ta kawo kuɗi kamar dankalin Turawa. Ni ina da kala biyu da nake dasawa bayan gida, ƙarfina kuma ya fara ƙarewa.

Maman Hafsat: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi yarana ba su taɓa ganin tumuku ba. Idan za a samu irin rizgar, ina da ɗan fili a bayan gida.

Rukayya Ɗaliba: Baba, don Allah kafin a raba, jikanka ya ɗauki hoton kowace kala, ganye da saiwa, ya rubuta sunan da kuke kiranta da shi da yarenku da Hausa, da watan dasawa da na haƙa. Suna kaɗai yana ruɗarwa. A binciken da aka yi wa gidaje wajen 2,500 masu noman rogo a Najeriya, da aka gwada ganyen a ɗakin bincike, an tarar manoma da yawa suna ɗaukar ingantaccen iri a matsayin na gargajiya, wasu kuma akasin haka. Zan nuna wa malamanmu hotunan, ko za a samu a ajiye wani kaso a makaranta.

Alhaji Ɗanladi: Ni dai har yanzu ina kan bakana, abin da ba ya sayuwa ba zai daɗe a gona ba, kome yawan nasiha. Don haka ga nawa. Baba Audu, idan kaka ta yi a haɗa mini buhu biyu na rizga, kowace kala daban kada a gauraya, zan sa a gaban shago in ga ko mutanen birni za su tuna da ita. Idan ta tafi, baɗi zan ba da kuɗin noma tun kafin damina.

Baba Audu: Buhu biyu ba za su samu bana ba Alhaji, sai na fara ware na iri da na Maman Hafsat. Abin da ya rage zan sa yaro ya auna ya gaya maka.